Sati Biyar Ina Rubuta Ta'aziyya

A ma'aikatar da na fara aiki a Abuja, ni ne mai Turanci. Ba muƙami ba ne, babu shi a takardar ɗaukata aiki, amma tun ranar da aka ji cewa Turanci na karanta a jami'a, duk takardar da ake so ta fito da ƙamshi teburina ake turo ta. Jawabin ban kwana ni, taya murnar ƙarin girma ni, har katin bikin 'yar Darakta sai da ya biyo ta hannuna. Kaina kuwa ya kumbura ya yi suntum. Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, arzikin mai na shigowa, ko'ina ka waiwaya bene ne ke tashi. An jibge mana sababbin kwamfutoci a ofis, rabinmu mun lulluɓe su da leda don kada su tsufa. Ni kuma ina lebul takwas, ga wayar hannu a ƙugu, ga ƙamus biyu a kan tebur, ina jin duk garin babu mai gyara mini jimla.

Kafin in zama wannan babban mutum, a masallacin ma'aikata nake kwana. Ɗan'uwan da aka ce zai sauke ni an yi masa canjin wurin aiki sati guda kafin in sauka a tashar Utako, kuma ba wanda ya ga dacewar ya gaya mini. A kwana na huɗu masinjan sashenmu ya zo ɗaukar fayil, ya hango soso da sabulu a cikin durowata. Dattijo ne gajere, Kirista daga wani ƙauye a Filato, kowa Baba yake ce masa har Darakta.

Ya ce, "Ɗana, ina ne gidanka?"

Na fara kame-kame. Bai tsaya ji ba. Ana tashi daga aiki ya saɓi jakata ya yi gaba, na bi shi zungui-zungui har Mpape.

Wata huɗu na yi a gidansa, ɗaki biyu a gefen tudu, sai ka bi wata siririyar hanya ta bayan masu fasa dutse kafin ka kai. Matarsa, da muke ce wa Mama, ba ta tambaye ni ko ɗan waye ni ba. Washegarin zuwana ta je kasuwa ta sayo mini shuɗiyar buta da sabuwar tabarma, ta tara 'ya'yanta ta ja musu kunne cewa duk wanda ya taɓa su zai gamu da ita. In za ta yanka kaza, sai ta ɗauke ta ta gangara har wurin mahaucin Musulmi, tana mita tana tafiya. A wurinta na koyi shan gwate. Kuma duk lokacin da masu fasa dutse suka tayar da nakiya, kwanon rufi ya girgiza, ƙasa ta zubo, Mama tafin hannunta take sawa ta rufe kwanona, nata kuwa ko oho.

Da na samu ɗaki a Lugbe na yi alkawarin zuwa duk Asabar. Na je Asabar uku. Daga nan ya koma Kirsimeti, daga nan ya koma "Baba, a gaida Mama," in ya zo ɗaukar fayil.

Wata Litinin da safe muka tarar da bencin Baba babu kowa. Kafin ƙarfe goma labari ya zagaya: Mama ta rasu ranar Lahadi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ban gama dawowa hayyacina ba Oga ya aiko kirana. Oga shi ne Mataimakin Darakta, mutumin kirki, amma da a ce ruwan sha na zuwa a cikin fayil, sai ya rubuta a duba kafin ya kurɓa.

Ya ce, "Mai Turanci, ka ji abin da ya faru. Ka yi mana draft na condolence letter, Darakta zai sa hannu. Bas za ta tashi zuwa gidan Baba ƙarfe biyu, mu tafi da takardar."

Wallahi har cikin raina na ji daɗi, kuma yau ina jin kunyar faɗin haka. Na ce ga ranar da zan saka wa Mama. Zan rubuta takardar da ba a taɓa rubuta wa masinja irinta ba, mai tambarin gwamnati a sama da sa hannun Darakta a ƙasa, in kai ta da hannuna, a karanta ta a cocin ƙauyensu kowa ya san Baba ba ƙaramin mutum ba ne a Abuja.

Ƙarfe biyu ta yi ina kan jimlar farko. Direba na ta danna oda a ƙasa, wani ya leƙo ya ce ni kaɗai ake jira. Na ce su je, gobe zan biyo su da takarda a hannu. Bas ta tafi Mpape da kowa da kowa, har da mutanen da ba su taɓa sanin Baba yana da mata ba, aka bar ni da ƙamus biyu.

Abin da na tsayar a ƙarshe shi ne abin da masu harshen ke faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa: "We are sorry for your loss." Gajera ce, ba ta da ado, kusan dai yadda mu muke cewa ya haƙuri. Amma da na dube ta sai na ga ta yi wa Mama kaɗan, don haka na cusa mata kalmar "irreparable", wato rashin da ba shi da madadi. Na kai wa Madam ta buga.

Madam ita ce mai buga takardun sashenmu. Tun ma'aikatar tana Legas take cikinta, an kwaso ta tare da kabad-kabad aka kawo Abuja, kuma ta fi kabad ɗin sanin abin da ke ciki. Ta sauke tabarau ta karanta, ta ɗago ta dube ni.

"Wannan na wane level ne?"

Na ce, "Na Baba ne, Madam."

"Na sani na Baba ne. Level nawa?"

"Huɗu."

Ta ture takardar gefe da ɗan yatsa. "Irreparable na Darakta ne zuwa sama. Daga level sha biyu zuwa sha huɗu, great loss. Ƙasa da haka, sad loss. Masinja da direba da cleaner, loss kawai."

Na zaci wasa take yi. Ta tashi ta jawo wani tsohon fayil da ya yi ja don tsufa, ta shiga buɗe mini shafi-shafi. Gaskiyarta. Shekara da shekaru na mutuwar iyaye da mata da 'ya'yan ma'aikata, kowane rashi an auna shi daidai da kujerar mai shi. Akwai wani da aka rubuta masa "sad", aka soke aka mayar "great", saboda ƙarin girmansa ya fito kafin a yi addu'ar bakwai.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Madam! Yanzu mutuwar ma lebul gare ta?"

Ta mayar da tabarau. "Mutuwa ba shi da level, my son. Takarda ne yana da level."

Da ina da hankali da a nan na ce ta buga yadda ta ga dama, in karɓa in kama hanyar Mpape. Amma an taɓa mini Turanci. Na rantse sai an bar wa Mama kalmarta, na ce zan kai maganar gaba. Kai magana gaba kuwa a ma'aikata yana nufin buɗe fayil. Masu ajiyar fayil suka kwana biyu suna gardamar ko a ƙarƙashin jin daɗin ma'aikata za a sa shi ko a cikin fayil ɗin Baba na kansa, daga ƙarshe suka buɗe sabo fil. Ni da hannuna na rubuta sunan Baba a bangon da manyan baƙaƙe, har da ja masa layi biyu.

Fayil ya je wurin Oga ya dawo ranar Juma'a. Kalmar da nake yaƙi a kanta ko kallonta bai yi ba. "Sorry" ya zagaye da jan biro. Na same shi a ofis.

Ya ce, "Sorry? Mu muka kashe ta?"

Na ce, "A'a ranka ya daɗe, haka ake faɗa. Ba amsa laifi ba ne, jaje ne."

"Haka ake faɗa a baki. Wannan rubutu ne, da letterhead. Gwamnatin Tarayya ba ta cewa sorry a rubuce. Gobe wani ɗan'uwanta ya ɗauki lauya, wa za a kira? Ni za a kira." Ya jawo fayil ɗin ya rubuta a tura sashen shari'a su ba da shawara.

Ranar Asabar ɗin nan aka ɗauki gawar Mama zuwa ƙauye. Na sani, don an faɗa a ofis. Na yi wanka na sa kaya, na fito har bakin titin filin jirgi, na tsaya ina kallon motoci. Sai wata zuciya ta ce, kwana shida ba ka je ba, yanzu ka je hannu rabbana ka ce me? Bari takarda ta fito, ita za ta yi maka bayani. Na koma ɗaki na cire kaya. Haka na yi Asabar ta biyu. Kullum kunyar na ƙaruwa, kullum kuma ina ƙara jin cewa sai takardar ta yi kyau sosai kafin ta iya rufe ta.

Lauyan ma'aikata ya riƙe fayil kwana takwas. Ya dawo da shi da shafi guda na bayani, wanda taƙaicensa shi ne ma'aikata ba za ta iya zama "sorry" ba, amma babu laifi ta yi "regret". Madam ta gani ta yi tsaki, ta ce wannan kalmar da ita ake korar masu neman aiki, ba za ta buga wa Baba ita ba ko za a sallame ta. A karon farko na ji ina son matar nan.

Ni kuma na zauna na rubuta minit, wato bayanin da ma'aikaci ke yi a cikin fayil, shafi biyu cur, ina kare jimlata. Na kawo hujja daga ƙamus na farko, na ƙarfafa da na biyu. Na bayyana inda ake faɗinta, da wanda ake faɗa wa, da dalilin da ya sa ba ta jawo shari'a. Har yau ina ganin ban taɓa rubutu mai kyau kamarsa ba. Na karanta wa abokan aiki biyu, ɗaya ya ce ya kamata in koma jami'a in koyar. Matar da ta rufe mini kwano da tafin hannunta tana kwance a ƙasa sati biyu, ni ina nan ina karɓar yabo.

Ana cikin haka hutun Baba ya ƙare.

Da safe na ji muryarsa a baranda, mutane na ta yi masa gaisuwa. Na rasa inda zan sa kaina. Na ciro waya na kara a kunne ina "eh, eh, to," alhali ko kati babu a cikinta. Ya shigo, ya rame, rigar aikinsa ta yi masa yawa. Ya tsaya a gaban teburina har na gaji da ƙaryar na sauke wayar.

Na ce, "Baba, sannu. Ina nan tafe. Akwai abin da nake shirya maka ne."

Ya ce, "To, ɗana."

Ya miƙa hannu cikin tiren fayilolin fita, ya kwashe na ranar kamar yadda ya saba, ya rungume su a ƙirji. Na saman su shi ne nasa, ga sunansa da layi biyu a ƙasa.

Sati biyu Baba yana yawo da ta'aziyyar kansa. Lif ɗinmu ya lalace tun kafin in zo, ofishin Oga na hawa na uku, na lauya na hawa na biyar, mu muna na ɗaya. Oga ya mayar wa lauya, lauya ya mayar wa Oga, Oga ya turo mini in rage minit ɗina, na ƙi ragewa na ƙara sakin layi. Duk wannan a ƙafar Baba. Ba ya karanta Turanci sosai, amma mutumin da ya shekara talatin yana ɗaukar fayil ya san sunansa in ya gani. Bai taɓa buɗewa ba, bai taɓa tambaya ba. Sau ɗaya dai ya ajiye shi a gabana yana haki, ya ɗan auna shi a tafin hannu, ya ce, "Wannan fayil yana ƙiba fa." Na yi kamar ina neman wani abu a durowa.

Darakta kuwa ba ya ƙasar. Shekarun nan manya ba sa zama, daga wannan taron ƙara wa juna sani sai wancan. Da ya dawo, fayil ya hau wurinsa ya sauko a rana ɗaya. Ya soke shawarar lauya, ya soke jan biron Oga, minit ɗina kuwa alama ta nuna ko buɗe shi bai yi ba. A ƙasa ya rubuta jimla ɗaya da hannunsa, ya ce a buga: "We are sorry for your loss." Ita ce dai jimlata ta ranar farko, an cire mata kalmar da na cusa.

Ka san abin da na yi? Murna na yi. Na zagaya tebur-tebur ina nuna wa mutane cewa Darakta ya goyi bayana. Na je har wurin Madam ina murmushi. Ta karanta, ta ce, "Loss kawai. Ba na gaya maka ba?" Kowannenmu ya tafi yana ganin shi ya ci.

Aka buga, Darakta ya sa hannu, aka sa a ambulan mai tambari. Na miƙa hannu zan karɓa, Madam ta janye. Ta ce takardar gwamnati ba ta fita sai an shigar da ita littafin aike, kuma masinja ne ke kaiwa, ba ofisa ba. Masinja kuwa ɗaya gare mu. Aka kira Baba. Ya zo ya tsaya, Madam ta nuna masa gurbin mai kaiwa ya sa hannu, ta nuna masa gurbin mai karɓa ya sa hannu. Ta rubuta lokacin fita da lokacin isa, duka ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Ta ce tunda take aiki ba ta taɓa ganin takardar da ta isa da wuri haka ba.

Baba ya juya ambulan ɗin gaba da baya. Sai ya taho teburina, ya jawo kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba a ofis.

"Ɗana, karanta mini. Da Hausa."

Na buɗe. Na karanta masa lambar takarda, na karanta kwanan wata, na karanta sunansa da lebul ɗinsa. Na zo kan jimlar da na yi sati biyar ina yaƙi a kanta, na tsaya. Na juya ta ta nan, na juya ta ta can.

Na ce, "Sun ce... ka yi haƙuri."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Baba."

"Shi ke nan?" Ya karɓi takardar ya duba bayanta ko akwai ci gaba. "Duk hawa da sauka ɗin nan?"

Sai ya fashe da dariya. Dariya sosai, har yana dafa tebur, har Madam ta leƙo. Ni ma na fara 'yar dariyar rashin abin yi. Ya goge ido da bayan hannu, ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihun gaba, ya miƙe.

Ya ce, "To, takarda ya iso. Kai ne har yanzu kana hanya."

Ya kwashi fayilolin fita ya tafi. Ban iya ɗaga kai ba har aka tashi.

Asabar da hantsi na hau mota daga Lugbe, na sake wata, na sauka a Mpape. Unguwar ta cika, gidaje sun haura har inda da ciyawa ce, sai da na yi tambaya sau biyu kafin in gane hanyar da na bi wata huɗu. Na tarar da Baba a kan benci a ƙofar ɗaki, da singileti, yana gyaran rediyo. Ban riƙo komai ba. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa.

Na ce, "Baba, ya haƙuri?"

Ya ce, "Mun gode Allah."

"Allah ya ba ka haƙurin rashinta."

"Amin, ɗana."

Iyakar abin ke nan. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Daga nan kuka ya ƙwace mini, irin kukan da ban yi ba tun ina yaro, ni da na zo ba da haƙuri sai ga shi Baba ne ke bubbuga bayana yana cewa ya isa. Ya matsa mini na zauna. Maƙwabta na wucewa suna gaishe shi. Ta ƙofa na hango takardar, an sa ta a firam an rataye kusa da hoton aurensu. Ya ga inda nake kallo, ya ce mutanen coci sun ce Turancin ya yi kyau.

Babbar 'yarsa ta kawo mana gwate. Muna cikin sha masu fasa dutse suka tayar da nakiya, kwanon rufi ya girgiza, ƙasa ta zubo. Ba wanda ya rufe kwanon kowa. Muka dubi juna ni da Baba, kowa ya tsince abin da ya faɗa masa a kwano, muka ci gaba da sha.

Da aka kira azahar a masallacin gangare na miƙe, na ce bari in sauka in yi alwala a can. Baba ya riƙo hannuna, ya nuna mini bayan ƙofa da haɓa.

Shuɗiyar butar tana nan a inda na bar ta, tabarmar na naɗe a jingine kusa da ita.

Ya ce, "Ɗauka mana. Shekara uku Mama bai yarda kowa ya taɓa ba. Ya ce na ɗansa ne, zai zo ran Asabar."